Yaya Habu, Wanda Aka Bari a Hayin Kogi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga yayana Abubakar, wanda gida da waje ake kira Habu Soja. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina isar maka da gaisuwar mutanen gida, waɗanda suka rage. Haka aka koya mana buɗe wasiƙa a firamare, kai ma haka kake buɗe taka. Na tsallake wurin da ake cewa ina fata kana lafiya, domin labarinka na ƙarshe da ya iso mana ba na lafiya ba ne, kuma ba na son in fara da abin da ban sani ba.

Ni ce Saude. Lokacin da aka daina jin ɗuriyarka ina karatu a Bici, kai ne ma ka saya mini akwatin da na tafi da shi. Yanzu ina koyarwa a firamaren garinmu, na yi aure, gidana yana nan bayan masallacin Juma'a. Ba ni da adireshin da zan aika maka da wannan takarda, shi ya sa na ajiye ta a nan inda kowa zai gani. Duk wanda ya karanta, ya sani da kai nake magana.

Akwai saƙon da na yi alkawarin zan isar maka. Amma sai na fara daga baya, don ka san yadda aka yi muka kai nan.

Ka tuna ranar da ka gaya wa Inna za ka shiga soja. Baba bai daɗe da rasuwa ba, an raba gonar kakanmu tsakanin 'ya'ya da jikoki, rabonmu ya zo ɗan tsilili, mai noma a wannan iyaka yana hira da na waccan ba tare da ya ɗaga murya ba. Ko'ina ka duba a ƙasarmu gonar wani ce, babu dajin da za a sara. Ka ce gonar nan ba za ta riƙe mu ba. Inna ta ce ita ba ta haifi ɗa don bindiga ba. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarka da kyau, amma ranar tafiya ita ce ta soya maka gyaɗa ta ƙulle a leda.

Duk hutun da ka samu da damina, kafin ka gama gaisawa da mutane ka cire takalman nan masu nauyi ka ɗauki fartanya. Kuma ba ka yarda da jiran mota. Ranar kasuwar Ɗanbatta da ƙafa kake tafiya, ta hanyar cikin gonaki, ka riga waɗanda suka tsaya a bakin titi isa. Sau ɗaya na bi ka, na yi ta gudu-gudu a bayanka ina haki. Ka waiwayo kana dariya ka ce, “Saude, ƙafa Allah Ya ba mu kyauta, me za mu jira?”

Daga baya aka tura ku arewa maso gabas. Kana kiran waya in an samu hanya, ka tambayi ko gero ya yi kai, ko an yi wa akuyar Inna allura. Ba ka taɓa gaya mana abin da kuke gani ba.

Sai wayar ta daina shiga.

Matarka Rabi tana bariki a lokacin, da 'yarku Ummi a bayanta ko yaye ba a yi ba. Mutum biyu sanye da kaki suka je mata, suka zauna a bakin kujera, suka ce an yi wa ayarinku kwanton ɓauna, an samu gawar wasu, wasu sun dawo, kai kuwa ba a gan ka ba. Ta tambaye su ko ka mutu. Suka ce ba su ce ba. Ta tambaye su ko kana raye. Suka ce wannan ma ba su ce ba. Ba a jima ba aka ce ta tashi daga ɗakin, akwai wanda za a ba. Ta dawo gida wurin Inna da katifa da tukwane a saman mota.

Liman ya zo, cikin ladabi, ya ce ko za a tara jama'a a yi maka salla da addu'a kamar yadda ake yi wa wanda ya rasu a nesa. Inna ta ce a'a. Ta ce ba a kawo mata gawa ba, ba a kawo mata riga ba, ba za ta karɓi gaisuwar kowa ba. Mata suka riƙa shigowa suna zama, ba su san wace gaisuwa za su yi ba, su tashi su ce Allah Ya bayyana. Da haka muka ci damina, muka ci rani, muka sake shiga wata damina.

Da kaka, muna tsakar gida muna tsigar gyaɗa, aka yi sallama daga zaure. Wani baƙo ne ya sauka a mota yana tambayar gidan su Habu Soja. Sunansa Bitrus, kofur ne irinka, mutumin Filato, hannunsa na hagu ya shanye yana reto a jikinsa. Ya ce tare aka kama ku. Inna ta yafa mayafi ta fita zauren da kanta, ni da Rabi muka tsaya daga bayan ƙofa. Aka kawo masa fura, bai sha ba sai da ya gama magana.

Yaya, kai ka san abin da ya faru, kai aka yi wa. Amma bari in maimaita yadda ya zo mana, don masu karantawa su ji.

Ya ce harsashi ya same ka a cinya ya fasa ƙashi, shi kuma a hannu. Aka kwashe ku aka kai ku wani sansani cikin daji, ku da wasu sojoji. Babu likita. Da ruwan gishiri da tsummokara kuke wanke wa juna ciwo. Ƙafarka ta haɗe a karkace, rami bai rufe ba, yana ta zubar da mugunya. Ya ce kai ne kake ba su dariya duk da haka, kana ba su labarin yadda ake rigima a garinmu kan kunya ɗaya ta gona. Ya ce in za ka yi salla shi yake jingina ka da bango, ya juya ka gabas.

Can aka samu masu shiga tsakani, aka shirya musaya. Waɗancan za su saki wasu daga cikinku, a sakar musu wasu nasu. Aka sa wuri, wani busasshen kogi, su a wannan hayi, namu a wancan. Sharaɗin da manyan ɓangarorin biyu suka amince da shi, babu mota da za ta haye kogin, babu wanda zai tsallako ya ɗauki wani, kuma za a tsagaita wuta ne daga asuba zuwa hantsi kawai. Daga sansanin zuwa kogin tafiya ce mai nisa. Saboda haka masu tsaronku suka ce wanda zai iya taka ƙafarsa ya tashi, wanda ba zai iya ba ya zauna.

Kai ba ka iya ba. Kai da kake riga mota zuwa Ɗanbatta.

Bitrus ya ce ya goya ka, da hannu ɗaya, kai ka riƙe wuyansa. Masu tsaron ba su hana ba, dariya ma suka yi. Kuka yi nisa a haka, yana faɗuwa yana tashi, sauran suna yin gaba. Har kuka fara hango bishiyoyin bakin kogi. Rana ta ɗaga, ɗaya daga cikin masu tsaron ya duba sama ya ce lokaci na ƙurewa, jirage za su zo, ya buga wa Bitrus gindin bindiga a haƙarƙari. Ya ce ko dai ya ajiye ka, ko ku koma tare. Bitrus ya ce shi ya tsaya, bai sake ka ba. Kai ne ka kwance hannunka daga wuyansa ka zame ƙasa a gindin wata bishiya. Ka ce masa ya tafi, yana da 'ya'ya. Sannan ka ce, “Ka je garinmu ka ce wa Inna ƙafa ce kawai.”

Da ya kai wannan wuri Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi wace ƙafar. Ya ce ta dama.

Abin da ya faɗa bayan nan shi ne ya zauna mini a ƙirji har yau. Ya ce da suka haye kogin suka tarar da motocin asibiti a jere, ƙofofinsu a buɗe, an shimfiɗa fararen zannuwa a gadajen ciki. Duk wanda ya hauro, da ƙafarsa ya hauro, babu mai bukatar a kwantar da shi. Ya kama rigar wani hafsa yana nuna masa hayi, yana cewa ga mutum can a ƙarƙashin bishiya, a ba shi mutum biyu da gado su ɗauko ka. Hafsan ya ce ba shi da wannan umarni. Ya ce a kwantar da hankali, za a yi zagaye na biyu musamman don masu rauni. Motocin suka juya da gadajensu babu kowa a kai.

Ba a yi zagaye na biyu ba.

Na ɗauka shaidar Bitrus za ta buɗe mana ƙofa. Ga wanda ya gan ka da rai, ya taɓa ka, ya san wurin. A cikin kwanakin ne kuma na ji wani shiri a rediyo, ana magana kan wani yaƙi da ake yi a ƙasar Turawa. Mai bayanin ya ce akwai yarjejeniya da ƙasashen duniya suka sa wa hannu tun da daɗewa, cewa fursunan yaƙi wanda ya ji mummunan rauni ko yake cikin matsananciyar rashin lafiya, a mayar da shi gida ko da ba a gama yaƙin ba, ba tare da duba muƙaminsa ba. Wato mai rauni shi ne a gaba. Na tsaya da ludayi a hannu ina sauraro. Ashe mutane sun zauna sun yi tunanin irin halin da kake ciki, har sun rubuta abin da za a yi. Ashe abin da aka yi a kogin nan juya shi aka yi, aka ɗauki masu ƙarfi aka bar wanda ya fi kowa bukata.

Na shirya na shiga Kano. Na yi ta zuwa wani ofis ana ce mini in dawo, har ranar da wani babba ya yarda ya gan ni. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya kira ni Malama. Na faɗa masa duk abin da Bitrus ya faɗa, na faɗa masa abin da na ji a rediyo.

Ya ce wannan doka ta yaƙin ƙasa da ƙasa ce. Ya ce abin da ake yi a can ba ƙasa ake yaƙa ba, 'yan ta'adda ne, don haka a hukumance ba a ce maka fursunan yaƙi. Na ce to me ake ce maka? Ya ce wanda ya ɓace a bakin aiki. Na ce ai ba ka ɓace ba, ga wanda ya ajiye ka a ƙarƙashin bishiya ranar musaya. Ya gyara zama ya ce, “Malama, wace musaya? Hukuma ba ta ciniki da waɗannan mutane. Waɗanda suka dawo, kuɓutar da su aka yi.”

Ka gane, Yaya? In ba a yi musaya ba, babu kogi, babu bishiya, babu motocin asibiti. Bitrus bai goya kowa ba. Babu wanda ya gan ka tun ranar kwanton ɓauna. Ina zaune a kujera mai laushi, da ruwan sanyi a gabana, aka share ranar nan gaba ɗaya, da kai a cikinta.

Na tambaye shi, in da ɗansa ne fa. Ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya miƙe, na gane an sallame ni.

Bitrus ya riƙa kiran Inna lokaci zuwa lokaci yana gaishe ta, yana ce mata Mama. Daga baya ya daina. Ya kira ni sau ɗaya da wata lamba ya ce an ja masa kunne, in ya ci gaba da yawo da wannan labari zai gamu da abin da ba ya so. Ya roƙe ni gafara. Ban riƙe shi da komai ba. A duk cikin wannan al'amari shi kaɗai ne ya ɗauke ka daga ƙasa, da hannu guda. Sunan da na kira shi da shi a nan ma ba nasa ba ne.

Muna nan kuma muka ji ana karɓar waɗanda suka ajiye makami daga cikin mutanen dajin, ana yi musu magani, ana koya musu sana'a, ana mayar da su garuruwansu. Ban ce kada a yi ba. Su ma wataƙila suna da uwa mai jiran sallama a zaure. Amma na kasa haɗiye wannan, cewa an san hanyar da za a bi a dawo da wanda ya harbe ka gida, ba a san hanyar da za a bi a tsallaka busasshen kogi da gado ɗaya ba.

Inna kuwa tunda ta ji ƙafa ce, sai ta shiga shiri. Ta kira magini ta sa ya fasa dokin ƙofar zaure, ya daidaita shi da ƙasa, haka na ɗakinka. Magini ya ce mata ruwa zai riƙa shigowa. Ta ce ruwa ana share shi, amma mai ƙafa ɗaya ba zai iya tsallake wannan tudu ba. Tun daga nan duk damina zaurenmu tafki yake zama, mu yi ta kwarfa da ƙwarya. Ta sa aka sassaƙa maka sanda a wurin masu yin ƙotar fartanya, ta ce a yi ta da tsawo domin kai dogo ne. In an kawo gero daga gona, takan sa a ware dami mafi kyau a ce naka ne.

Yaya, Inna ta rasu. Bara ne, ana saura kaɗan a fara azumi. Ba ta yi doguwar jinya ba, jiki ne kawai ya gaji. Har ta cika ba ta yarda an ce da kai marigayi a gabanta ba. Ranar da za ta rasu ta ce mini in ka zo kada mu tsare ka da tambaya, mu bari ka ci abinci tukuna. An binne ta kusa da Baba. Mutanen da ta hana yi mata gaisuwarka su ne suka cika gidan suna yi mana tata.

Yanzu ga saƙon.

Rabi ta jira ka. Ina so ka ji wannan kafin komai. Ta zauna a gidanmu tana surfe tana ƙuli-ƙuli, ta yi jinyar Inna kamar ita ta haife ta. Tun bayan zuwan Bitrus mahaifinta ya kai magana gaban alƙali, ba da son ranta ba, alƙali ya yanke shekara huɗu na jira kamar yadda shari'a ta tanada ga matar wanda ya ɓace. Da wa'adin ya cika aka nemi shaida daga danginka cewa babu labari. Ni na je. Alƙali ya tambaye ni ko tun daga wancan lokaci mun ji wani abu game da kai. Na ce ba mu ji ba. Gaskiya na faɗa.

Aka ce ta yi takaba. Ta yi maka takaba, Yaya, kai da ba a yi wa wanka ba, ba a yi wa salla ba, ba wanda ya san kabarinka ko ma akwai shi. Na riƙa kallon ta a ɗaki babu kwalli babu lalle, ina tunanin ko a daidai wannan lokaci kana zaune a wani wuri kana lissafin ranar da za ka dawo mata.

Bayan Babbar Salla za a ɗaura mata aure da wani mai sayar da taki a Ɗanbatta, matarsa ta rasu ta bar masa yara. Na bincika, mutumin kirki ne. Ummi za ta zauna a wurina, Rabi da kanta ta ce kada a raba ta da garin ubanta. Tana aji biyu yanzu, a makarantar da nake koyarwa. Doguwa ce. Ba ta san fuskarka ba sai a hoto.

Ranar da aka sa rana, Rabi ta zo gidana da yamma. Ta zauna a bakin tabarma. Can ta ce, “Saude, in ya dawo, wa zai gaya masa?” Na ce ni zan gaya masa. Ta ce in rantse. Na rantse.

To na gaya maka, ɗan'uwana. Ban jira ka dawo ba, don kada wani ya riga ni a tasha ko a bakin titi, ya faɗa maka yadda bai kamata ba. In ranka ya ɓaci, kada ka ɗora mata. Ka ɗora wa waɗanda suka harbe ka suka hana ka magani, da waɗanda suka zauna suka tsara musayar da mai karyayyen ƙashi sai ya yi tattaki, da waɗanda suka ce ranar nan ba a yi ta ba. Malamai sun ce mini in yafe, zuciyata za ta huta. Ban yafe ba. Na bar su da Allah, kuma ina so in kasance a wurin ranar da za a tambaye su.

In na idar da salla ban san wace addu'a ce taka ba, don haka duka biyun nake yi. Ya Allah, in bawanKa Abubakar yana raye, Ka sanyaya masa ciwonsa, Ka sa masa tausayi a zuciyar wanda yake tsare da shi, Ka turo masa wanda zai ɗauke shi har gida. In kuwa Ka riga Ka karɓe shi, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka karɓi shahadarsa, Ka haɗa shi da Inna da Baba, ta gan shi a tsaye. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka da ba ta daina sauraron sallamarka ba,
Saude.